Mu Biyu Muka Tafi Ƙubrus

Lahadi: daga Madina zuwa Limasol

Ƙarfe huɗu da kwata, tun ba a yi kiran sallar farko ba, na fito daga gidana a unguwar Al-Aziziya da jaka ɗaya da rigar sanyin da na aro wurin maƙwabcina. Motar kamfani tana jira a ƙofa. Muka bi ta unguwar Aƙiƙ don mu ɗauki Mu'allim Haruna. Tsaye muka same shi a bakin titi, jakarsa tsakanin ƙafafunsa, yana jan carbi. Babban ɗansa Halid, wanda ke aiki a wani kantin magani a Sultana, ya rako shi. Ya sumbaci goshin uban, ya ce mini da Larabci in kula da maganin hawan jininsa, don yana yawan mantawa.

Ga wanda bai san shi ba, Mu'allim Haruna shi ne babban makanikin injunan sanyi a kamfaninmu na adana dabino da kayan gona. Mutumin Cadi ne, ya zo aikin Hajji yana saurayi bai koma ba. Shi ya koya mini sana'ar nan shekara ashirin da biyu da suka wuce, lokacin da na iso daga Maraɗi ban san sifana daga filaya ba. Duk wanda ya zauna da shi ya san abu ɗaya game da shi: ba ya kwana a wajen Madina, sai fa Makka don Hajji ko Umara. Ko Jidda aka tura shi, a ranar yake juyowa. Da mahaifiyarsa ta rasu a Injamena, ta waya ya karɓi gaisuwa. Kuma bai taɓa ɓoye dalili ba. Yana so ajali ya same shi a nan, a sallace shi a Harami, a kai shi Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin masallacin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

To, sai kamfani ya tashi sayen manyan injuna uku na hannu daga wata masana'antar lemo da za a rufe a Ƙubrus, tsibirin nan na Bahar Rum da wasu ke kira Saifurus. Mudir, wato shugaban kamfaninmu, ya ce ba zai sa hannu ba sai Mu'allim ya ji kukansu suna aiki. Sau biyu Mu'allim yana ƙi. Ni na je har gida na lallashe shi.

"Kwana huɗu ne fa, Mu'allim. Lahadi mu tashi, Alhamis mu yi la'asar a Harami."

"Isuhu, kai ke riƙe da kwanakin?"

Na yi dariya. Ya daɗe yana juya kofin shayi a hannunsa, sannan ya ce, "Don kai zan je. In suka tura ka kai kaɗai, Turawan nan za su sayar maka da ƙarfen banza, a ɗora maka laifi."

A masallacin filin jirgi muka yi asuba. Jami'in fasfo ya duba iƙamarmu, wato takardar izinin zama, da takardar fita da dawowa, ya buga hatimi. Ƙarfe bakwai da minti arba'in jirgi ya ɗaga. Na bar wa Mu'allim kujerar taga. Bai ɗauke fuskarsa daga gilashin ba har garin ya ɓace a cikin duwatsu, leɓɓansa suna motsi.

Mun sauka Amman kafin goma, muka yi zaman awa uku. Na sayo mana shayi kofi biyu, ya kurɓa sau ɗaya ya ture, ya ce wannan ruwan wanke kofi ne. Daga nan tafiyar ba ta kai awa ɗaya da rabi ba, yawancinta bisa ruwa. Da muka sauka Larnaka aka ce mu mayar da agogo baya da awa ɗaya. Na mayar. Shi ya bar nasa yadda yake, ya ce yana so ya riƙa sanin lokacin da ake kiran salla a gida.

Direban da masana'antar ta turo mana dattijo ne mai farin gashin baki, sunansa Andiriyas. Muna zama ya juyo ya ce, "Kef halak, ya hajji?" Ashe ya yi shekara tara yana aikin gini a Jidda, kuma Larabcinsa na 'yan ƙwadago ne irin wanda muka fara koya. Su ta hannun hagu suke tuƙi. Duk kilomita saba'in ɗin zuwa Limasol, Mu'allim yana riƙe da marfin mota, in an zo shataletale sai ya ce, "Ya Sattar!" Andiriyas kuma yana ta dariya yana nuna mana gonakin zaitun.

Masaukinmu ɗaki ne mai gado biyu a hawa na uku, tagarsa tana kallon teku. Ba mu amince da naman wurin ba, sai muka ci burodi da zaitun da gasasshen cukun nan da ake kira hallum. Mu'allim ya buɗe jakarsa ya fito da 'yar butar lantarki, da ganyen shayinsa, da dabinon ajwa cikin roba. Rabin jakar kayan shayi ne.

Litinin da Talata: masana'anta

Ƙarfe takwas Andiriyas yake zuwa, minti ashirin mu isa. Wadda ke kula da injunan wata injiniya ce matashiya, ta zo mana da takardu cike da lambobi. Mu'allim ya karɓa ya miƙo mini ko dubawa bai yi ba. Ya ce a kunna na farko. Ya ɗauki dogon sukudireba, ya ɗora bakinsa a jikin injin, ya kafa kunnensa a ƙotar, ya rufe ido. Ma'aikatan wurin suka taru suna kallo, wasu suna ɗaukar hoto.

Na farko ya ce lafiya. Na biyu ma haka, sai dai a canza mai. A na uku ya fi minti goma yana matsawa daga nan zuwa can. Ya ɗago ya ce, "Wannan yana tari a ciki."

Andiriyas ya fassara. Injiniyar ta nuna takarda, ta ce wata huɗu da suka wuce aka yi masa gyara gaba ɗaya.

"Ka ce mata takarda ba ta da kunne. A buɗe."

Ranar Talata da safe aka buɗe. Boris ɗin ciki, wanda sandar injin ke juyawa a kansa, ya cinye gefe ɗaya, ga garin ƙarfe a cikin mai. Matar ta riƙe shi a tafin hannunta tana kallo, sannan ta cire hular aikinta ta ɗan rusuna masa. Ban taɓa ganin Mu'allim ya ji kunya ba sai ranar. Ya rasa inda zai sa idonsa, ya hau goge hannunsa da tsumma alhali babu komai a hannun. Aka yi waya da mudir, aka daidaita a kan injuna biyu, na ukun a rage kuɗinsa. Ƙarfe ɗaya na rana mun gama abin da ya kawo mu.

A mota ya ce, "Isuhu, tunda aiki ya ƙare, duba mana ko za a iya dawo da tikitin nan gobe."

Abin da ya biyo baya ban faɗa wa kowa ba sai da na dawo, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan labari. Na duba a waya. Akwai kujeru a jirgin safiyar Laraba, wanda zai sada mu da Madina ƙarfe uku da minti goma na rana. Amma tun Litinin Andiriyas yake ba ni labarin tsofaffin gine-gine da ƙauyukan kan dutse, ni kuma ban taɓa taka wata ƙasa don kallo ba. Duk tafiyata a duniya ta neman abinci ce. Na kife wayar a cinyata na ce, "Babu wuri, Mu'allim. Sai Alhamis ɗin."

Ya dube ni na ɗan lokaci. Ya ce, "To, Allah Ya kai mu."

Laraba: yawon ganin gari

Mun bar masauki ƙarfe takwas da kayanmu, da niyyar mu kwana a Larnaka kusa da filin jirgi. Da idona na ga ya sha maganinsa. Gari ya waye fes, ga sanyi mai shiga ƙashi, ga rana.

Andiriyas ya fara kai mu yamma da gari, kamar kilomita ashirin, wani kango a kan tudu. Dandali ne na duwatsu jere hawa-hawa kamar rabin ƙwarya, yana fuskantar teku, aka ce mutanen da can suna zama a nan su kalli wasa. Kuɗin shiga bai kai yuro biyar ba. Ni na hau har sama. Mu'allim ya zauna a hawa na uku daga ƙasa yana shafa dutsen, ya ce wanda ya sassaƙa wannan ya san aikinsa, ko reza ba za ta shiga tsakaninsu ba. Andiriyas ya ce in ka tsaya a tsakiya ka yi magana a hankali, na can sama zai ji. Mu'allim ya sauka ya tsaya a wurin, ya ce da ƙaramar murya, "Isuhu, sauko ka bar yawo." Na ji shi sarai kamar a kunnena yake. Muka yi ta dariya mu uku.

Ƙarfe goma sha ɗaya muna Lefkara, ƙauye a kan dutse, hanyarsa tana nannaɗewa. Gidajen duwatsu ne masu shuɗɗan ƙofofi, lungunan ba sa ɗaukar mota. Tsofaffin mata suna zaune a ƙofar gida suna saƙa da allura, ko kallon hannunsu ba sa yi. Wata ta tsinko lemon tsami biyu daga bishiyar gidanta ta ba mu, manya kamar ƙwan jimina. A hawan wani lungu na lura Mu'allim ya tsaya ya dafa bango.

"Lafiya, Mu'allim?"

"Hawa ne. Madina shimfiɗe take, ƙafata ba ta saba ba."

Na yarda da shi, don ina so in yarda.

Daga nan muka gangara kilomita arba'in zuwa wani tafkin gishiri a bayan filin jirgin Larnaka. Ruwa ya cika shi saboda lokacin sanyi ne, ga wasu tsuntsaye masu dogon wuya, launinsu ja-ja, ɗaruruwa, tsaye a kan ƙafa ɗaya. A bakin tafkin akwai tsohon masallaci mai hasumiya ɗaya a cikin itatuwa, kuliyoyi ko'ina a harabar. A nan muka haɗa azahar da la'asar. Mai gadin wurin, da ya ji daga inda muka zo, sai ya dafa ƙirjinsa, ya ja mu wani ɗaki a bayan alƙibla. Ya ce bisa abin da aka ruwaito, wadda ke kwance a nan sahabiya ce, 'yar Madina. Ta biyo rundunar farko da ta hau teku, ta faɗo daga kan abin hawanta a wannan wuri, ta rasu, aka rufe ta.

Na san labarin a littafi, amma ban san nan ne ba. Muka yi sallama, muka yi addu'a. Na fito, Mu'allim bai fito ba. Na ba shi minti goma sannan na leƙa. Yana tsaye, hannunsa a baya.

"'Yar garinmu ce," ya ce. "Kuma ba ta koma ba."

Ya juyo, muka fito tare.

Ƙarfe biyu da rabi Andiriyas ya kai mu gidan abincin wani abokinsa a bakin teku. Aka gasa mana kifi da man zaitun da lemon tsami, aka kawo dankali da ganye. Mu'allim ya ci sosai, har ya tambayi sunan kifin. Da muka fito muka bi wani dogon titi mai jerin itatuwan dabino a gefen ruwa. Ya ɗaga kai yana duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ce waɗannan na ado ne, ba wanda ya taɓa yi musu barbara. Sai ya ce bari ya ɗan zauna. Ya zauna a kan benci. Ya ce hannunsa na hagu ya yi nauyi, kuma kamar an ɗora masa buhu a ƙirji. Gumi yana keto masa a cikin wannan sanyi.

Andiriyas ya kira motar asibiti. Na kwance masa maɓallan riga, na riƙe kansa a kafaɗata. Ya ce, "Ƙarfe nawa a gida?" Na duba agogon hannunsa na ce huɗu da minti arba'in. Ya ce, "An yi la'asar." Na fara karanta masa kalmar shahada, ya karɓa sau biyu da bakinsa, na ji da kunnena. A cikin motar asibitin suka yi ta danna ƙirjinsa. Mun isa cikin minti takwas. Suka shige da shi, suka bar ni a baranda da takalmansa a hannu.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyar agogon Ƙubrus, likita ya fito. Ban jira Andiriyas ya fassara ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na kira Halid kafin magariba. Da Hausa na faɗa masa, don bakina ya ƙi Larabci. Halid a Madina aka haife shi, yana jin Hausa amma tun yana ƙarami da Larabci yake amsawa. Sai na ji ya ce, da Hausar da ban taɓa ji a bakinsa ba, "Ammu," wato baffa, "ka kawo Baba gida."

Na ce, "In sha Allahu."

Alhamis: takardu

Jirgin da ya kamata mu hau ya tashi ina zaune a ofishin 'yan sanda. Sun yi mini tambayoyi cikin mutunci: me ya ci, wane magani yake sha, wa ke tare da shi. Suka ce tunda baƙo ne kuma mutuwar ta zo farat ɗaya, doka ta ce sai likitan hukuma ya duba gawar. Na roƙe su su bar shi. Suka ce ba a hannunsu yake ba. Andiriyas ya ajiye aikinsa ya wuni tare da ni, daga wannan tebur zuwa wancan. Matarsa ta aiko mini da miyar wake a kula, ban iya ci ba.

A Madina kuma Halid da mudir suna ta shiga ofisoshi. Bayan la'asar mudir ya kira ni. Ya ce ba su samu wanda ya ce a'a ba, ba su kuma samu wanda ya ce i ba. Mu'allim ba ɗan ƙasa ba ne, da iƙama ya zauna duk shekarun nan. Shigo da gawar baƙo daga waje sai da izini na musamman, sai an bi ta ofishin jakadancin ƙasarsa, wanda ma babu shi a tsibirin. Ga Juma'a da Asabar ba aiki. Zai iya ɗaukar makonni, kuma a ƙarshe ana iya cewa a kai shi Cadi. Halid ma ba zai samu bizar zuwa ba kafin mako guda.

Da yamma aka bar ni na gan shi. A ƙasan asibitin ne, ɗaki mai aljihunan ƙarfe. Ma'aikacin ya jawo ɗaya ya ja baya. Fuskarsa ba ta canza ba. Ina tsaye ina addu'a, kunnena kuma yana jin injin sanyin ɗakin yana aiki a bayan bango. Na kasa hana kaina saurarensa, haka ya koya mini. A nan ne kuka ya zo mini, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Juma'a: hukuncin Hajiya

Da safe aka ba ni takardar likita: zuciya ce. Andiriyas ya kai ni wani tsohon masallaci a cikin garin Larnaka, kusa da wata ganuwa a bakin ruwa, ya zauna a mota yana jirana. Masallatan 'yan Sham ne da Misirawa da 'yan Pakistan da 'yan Afirka kaɗan. Bayan salla na sami liman, wani Basiriye mai suna Shehi Mahmud, na faɗa masa halin da nake ciki. Ya ce akwai maƙabartar Musulmi a gefen gari, in iyali sun yarda gobe ma za a iya. Ya ce, "Amma kai kar ka yanke. Ka bar masu shi."

Halid ya ƙi. Ya ce ko wata uku ne zai jira, ubansa bai yi shekara talatin da ɗoriya yana tsare kansa ba don a rufe shi a tsakiyar teku. Ban yi masa musu ba. Da wane baki?

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara, lambar Halid ce, amma muryar mahaifiyarsa ce, Hajiya Zuwaira. Shekara ashirin ina cin tuwonta, ban taɓa magana da ita a waya ba.

"Isuhu, a ina yake yanzu?"

"Yana asibiti, Hajiya."

"A cikin sanyi?"

"I, Hajiya."

"Yau kwana biyu." Ina jin Halid a bayanta yana magana da sauri da Larabci, ta ce masa, "Uskut, ya waladi," wato ya yi shiru. Sannan ta dawo kaina. "Akwai Musulmi a wurin da za su tsaya masa?"

"Akwai."

"To, ku rufe shi gobe. Ba zan bar shi a aljihun ƙarfe ana yawo da takardarsa ba. Ya nemi Madina iyakar ƙarfinsa, Allah Ya gani. Kai za ka yi masa wanka, kar ka bar wa baƙi."

Asabar: jana'iza

Ƙarfe tara muka karɓo shi. Ni da Shehi Mahmud da wani Basudane mai sayar da waya muka yi masa wanka a wani ɗan ɗaki a jikin maƙabartar. Shehi ya rufe inda likita ya ɗinke da auduga, bai bar ni na daɗe ina kallo ba. Na cire agogon na sa a aljihu don Halid.

Na zaci mu biyar ko shida za mu tsaya. Ashe liman ya sanar, mutum ya kai arba'in: masu wankin mota, ɗalibai, wani likitan haƙori, da wasu samari biyu 'yan Kano da suka ji an ce Bahaushe ne ya rasu suka hawo bas tun daga Nikosiya. Ba wanda ya san shi a cikinsu. Na jingina wayata a kan wani dutse don Halid ya gani. Andiriyas ya zo da baƙar kwat, injiniyar masana'antar ma ta zo ta yafa gyale, suka tsaya daga bakin ƙofa har aka gama.

Ƙasar wurin fara ce, mai tsakuwa, ga itatuwan zaitun a jikin katanga. Ni na shiga ramin. Na karɓe shi, na kwantar da shi a gefen dama, na kwance ƙullin likkafanin. Bai yi nauyi ba. Da na fito na ɗauki wayar, Halid ya kife fuskarsa a tebur, sai ƙeyarsa nake gani.

Lahadi: komowa

Andiriyas ya kai ni filin jirgi ƙarfe bakwai. Na miƙa masa abin da ya rage a hannuna na kuɗin ƙasar, ya ture hannuna har ransa ya ɓaci. Ya ce gidansa ba nisa da maƙabartar, zai riƙa leƙawa yana cire ciyawa. Muka rungumi juna. A wurin awon kaya ma'aikaciyar ta ga jaka biyu da fasfo biyu, ta tambayi ina ɗayan fasinjan. Na miƙa mata takardar likita. Ta karanta, ta karɓi jakar ba ta caje ni komai ba.

Uku da minti goma muka sauka Madina. Ban je gidana ba, Aƙiƙ na wuce. An shimfiɗa darduma a ƙofar gida, maza suna zaune, ana zagayawa da gahawa da dabino. Halid ya taso, na ba shi agogon da fasfon da jakar. Ya rungume ni. Can aka ce Hajiya tana kirana. Na tsaya a bakin ƙofar falo, tana daga bayan labule.

Ta tambaye ni komai, ɗaya bayan ɗaya: wa ya yi salla, mutum nawa, wa ya shiga rami, ko ya samu shahada. Na amsa. Da ta gama na ce akwai abin da ban faɗa ba. Na gaya mata zancen tikitin, yadda na ga kujeru na ce babu, da lokacin da jirgin nan ya sauka Madina, da lokacin da ya cika. Na ce da na faɗi gaskiya, da a nan ya rasu.

Labulen bai motsa ba.

"Ya kira ni ranar Talata bayan magariba," ta ce. "Ya ce, Isuhu ya ce babu wuri, amma ƙarya yake, bai iya ta ba, kunnensa har rawa yake. Na ce to ka matsa masa mana. Ya ce a'a, shekara ashirin yana kwance ƙarƙashin injuna, bari ya ga duniya kwana ɗaya."

Na durƙusa a wurin.

"Ƙaryar taka ce, ka nemi gafarar Allah a kanta," ta ce. "Zaman kuwa shi ya zaɓa, kuma ranar ba kai ka rubuta ta ba. Kar ka ƙara zuwa mini da wannan magana, nawa nauyin ya ishe ni. Tashi ka je wurin maza, ka ci abinci."

Na tashi na je. Aka zuba mini shinkafa, na ci a gefen Halid.

Ina gode wa Allah da Ya dawo da ni gida. Ina gode wa Andiriyas da matarsa, da Shehi Mahmud, da mutanen nan arba'in da ban san sunayensu ba, da mudir da abokan aiki da suka tsaya wa iyalin. Hajiya Zuwaira kuwa, ban san kalmar da zan gode mata da ita ba. Halid ya samu biza, bayan Ramadan za mu je tare in nuna masa wurin. Wanda duk ya karanta wannan, in yana Madina, ina roƙonsa in ya shiga Baƙi'a ya yi wa mutanen cikinta addu'a, ya ƙara da sunan Haruna ɗan Adamu.